Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohuwar bindigar soja da kaka ya bari, za a iya cika mata harsashi a gida?

Wannan makon wasiƙu uku na haɗa wuri guda saboda duk maganarsu ɗaya ce, bindiga da abin da ake zuba mata. Ta farkon ita ce doguwa, ku yi haƙuri da tsawon amsar.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni matashi ne daga wajen Tanut, inada tambaya da ta daɗe tana cina. Kakanmu tsohon soja ne tun na zamanin Faransa, da ya rasu sai muka tarar da bindiga cikin akwatinshi an naɗe ta da tsumma, a jikinta an rubuta MAS da kuma 1936, tare da ita akwai harsasai wasu har sun yi kore a wuya da kuma kwanso wanda an riga an harba. Ni kuma ina ɗan taɓa farauta lokacin sanyi da abokaina amma da bindigar aro. To na gani a YouTube annasara suna cika kwanson harsashi da hannunsu a gida su tafi farauta da irin waɗannan tsoffin bindigogin, kuma akwai wani maƙeri a garinmu yace in na kawo mishi kwanson zai zuba min albarushi ko garin kartushin kalibar duz, wato bindigar farauta mai lamba 12, ya ɗora dalma a kai shikenan. Dan Allah Malam hakan zai yi? Kuma tsoffin harsasan zan iya gwada ko guda ɗaya in gani ko suna tashi? Na gode.
Daga wani mai karatu, Tanut.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka ya kai rahama kabarinshi. Bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna don na san wasunku layi biyu na farko kawai kuke karantawa ku wuce: kar ka kai ma maƙerin nan kwanson, kuma kar ka harba tsoffin harsasan ko da guda ɗaya ne. To yanzu zauna ka ji dalili.

Abin da ke hannunka MAS 36 ce, bindigar da sojan Faransa suka ɗauka a 1936, haruffan nan uku sunan masana'antar makamai ta garin Sant-Etiyen ne inda ake ƙera ta. Harsashi biyar take ci, kowane harbi sai ka ja sakata da hannu, kuma in ka duba ƙarƙashin bututun za ka ga wani ɗan bututu da ake ɓoye tsinin mashinta a ciki a juye. Da ita aka yi yaƙin Indoshin da na Aljeriya, kuma bayan 1960 ta daɗe a hannun sojojin ƙasashen da Faransa ta mulka, don haka ba abin mamaki bane a same ta a akwatin tsohon soja a Damargu. Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu kafin ma ka sake taɓa ta, ba ta da ɗan makullin tsaron nan da ake turawa don kar bindiga ta tashi, haka aka ƙera ta da gangan, sojan an koya mishi ya yi tafiya ba harsashi a ɗakinta sai lokacin harbi ya yi. Wato in akwai harsashi a ciki kuma yaro ya ja kunama, ta tashi kenan. Ka ja sakatar baya, bakin yana kallon ƙasa, ka leƙa da idonka ka tabbata ba komai ciki.

Harsashinta kuma 7.5×54 ne, kuma labarin yadda aka yi shi ma ya ishe ka darasi. A 1924 Faransawa sun fito da wani mai ɗan tsawo, 7.5×57, sai aka ga harsashin Jamus na Mauser 7.92×57 yana shiga ɗakinshi lafiya lau tunda tsawonsu kusan ɗaya, amma ƙwayar ta fi bututun kauri, duk wanda ya yi kuskure ya sa shi bindiga ta fashe. Shi ya sa a 1929 suka rage tsawon kwanson don na Jamus ya daina shiga. Ka ga wannan bambancin da bai kai rabin milimita ba ne a kaurin ƙwaya, kuma gwamnati guda ta canza harsashin sojanta saboda shi. To maƙerinka da me zai auna dalmar da zai ɗora maka?

Yanzu mu zo kan abin da ka gani a bidiyo, don ba ƙarya bane, ana yi, kuma a wasu ƙasashe doka ta yarda. A Amurka sana'a ce babba da kamfanoninta irin su Lee da RCBS da Hornady masu sayar da kayan aikin, a Faransa ma tun 2013 aka sassauta dokar tsoffin bindigogin soja masu sakata har mai takardar farauta yana iya mallakar irin taka. Amma ka sake kallon bidiyon da kyau, wannan karon kar ka kalli harbin, kalli teburin mutumin. Akwai matsi na ƙarfe an ɗaure shi da kusoshi a tebur, akwai wasu ƙarafa masu rami da aka yanka daidai da girman wannan harsashin kaɗai ba wani ba, su ke maida kwanso girmanshi na asali saboda duk kwanson da aka harba ya kumbura ya ƙara tsawo. Akwai ma'aunin tsawo mai karanta ɗaya bisa ɗari na milimita. Akwai sikeli, kuma sikelin nan shi ne zuciyar aikin, ma'aunin da suke amfani da shi ana ce mishi giren, giren ɗaya bai kai ɗaya bisa goma sha biyar na giram ba, kuma su har kashi ɗaya cikin goma na giren suke dubawa. Sai littafi a buɗe gefe, wanda kamfanin da ya yi garin ya buga bayan ya gwada a ɗakin gwaji da na'urar auna ƙarfin iska, yana cewa wannan garin mai wannan lambar, da wannan ƙwayar mai wannan nauyin, daga nan za ka fara kuma nan ne iyaka. Mai hankalin cikinsu daga ƙasa yake farawa yana ƙarawa kaɗan kaɗan yana duba gindin kowane kwanso bayan harbi. Garin kuma a gwangwaninshi yake da suna da lamba, Vectan na Faransa ko Vihtavuori na Finlan ko wani, ba wai gari ne kawai da aka zazzago daga wani wuri ba.

Duk wannan wahalar saboda abu ɗaya ce, ƙarfin iskar da ke tashi a ɗakin harsashi lokacin harbi. Tayar mota da kake ganin ta yi tauri bar biyu da ɗan wani abu ne a cikinta, to ɗakin irin wannan bindigar yana haura bar 3000, kuma wannan abin yana faruwa ne taƙi ɗaya daga idonka na dama, ba abin da ya raba ku sai kwanson tagulla da sakatar ƙarfe da ta girmi babanka.

Shi ya sa maganar garin kartushin kalibar duz ita ce ta fi tayar min da hankali a wasiƙarka. Garin zamani ba iri ɗaya bane ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Na kartushi an yi shi ya ƙone da sauri sosai saboda bututun kalibar duz faɗi gare shi kuma ƙarfin da yake aiki da shi bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na bindigar soja ba. Na bindigar soja an yi shi ya ci a hankali yana tura ƙwaya har ta fita. In ka cika kwanson 7.5 da garin kartushi, duk zai kama wuta tashi ɗaya kafin ƙwayar ta motsa ta ba shi wuri, kuma ƙarfe ba ya jira, ko ɗakin ya tsage ko gindin kwanso ya buɗe wutar ta dawo ta sakata ta sami fuska. Wannan ba sai an yi rashin sa'a ba, abin da zai faru kenan. Baƙin albarushi na gargajiya kuma nashi matsalar daban, ba shi da ƙarfin tura wannan ƙwayar yadda aka tsara, yana barin toka mai yawa a siririn bututu, kuma wanda ake dakawa a gida yau ya yi ƙarfi gobe ya yi sanyi. Ranar da ya yi sanyi ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu, kai ka ji ƙara ka ɗauka ta fita, ka ja sakata ka sa na biyu. Na biyun ne ke fasa bindiga.

Akwai ma wani abu da maƙerin bai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai lura ba. Ɗauki kwanso ɗaya cikin waɗanda aka harba ka haska tocilar wayarka ta bakin ka leƙa gindinshi daga ciki. In ka ga rami ɗaya a tsakiya to irin da ake kira Boxer ne, shi ne masu bidiyo suke amfani da shi don tsinke ɗaya ke turo tsohon amos waje, amos ɗin nan ɗan maɓallin da ke gindin harsashi wanda allura ke daka ya ba da wuta. In ka ga ƙananan ramuka a gefe ba a tsakiya ba to Berdan ne, kuma kusan duk tsohon harsashin sojan Turai haka yake, cire mishi amos wahala, samun sabo daidai girmanshi ya fi wahala, har a can yawancin masu wannan aikin zubar da shi suke. Abin dariya, sunayen nan na waɗanda suka ƙirƙiro su ne, Berdan ɗin Ba'amurke ne amma Turai suka rungumi nashi, Boxer kuma Bature ne na Ingila Amurka suka ɗauki nashi, duka a 1866. To in ba sabon amos, me za a sa? Nan ne mutane ke fara dabarar kan ashana da makamantansu, kuma daga nan yatsu ke tafiya tun kafin a je daji. Su masu irin bindigarka a Turai ba sa ma wahalar da kansu da tsohon kwanso, wani kamfani a Sabiya mai suna Prvi Partizan har yanzu yana yin sabon 7.5×54, shi suke saye a shagon da doka ta sani.

Ita kanta bindigar ba ka san lafiyarta ba. Tsoffin amos na soja da yawa suna barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi, gishirin yana jan laima, mai ba ya wanke shi sai ruwa, in wanda ya yi harbin ƙarshe bai wanke ba to damina nawa ta wuce tana cin ƙarfen daga ciki, waje yana sheƙi ciki ya zama ramuka. Sannan akwai 'yar tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, in ta yi yawa kwanso yana miƙewa har ya tsinke, ana auna ta ne da wasu ƙarafan gwaji na musamman, ido ba ya gani. Duba lambar da ke jikin sakata da ta jikin bindigar, in ba ɗaya bane to an taɓa canza sakatar. Kuma wasu MAS 36 an sake yanka ɗakinsu zuwa wani harsashi daban bayan sun bar hannun soja, rubutun jiki na nan yadda yake amma ciki ya canza.

Mu ce ma duk wannan lafiya lau, me za ka harba da ita? Ƙwayar soja an lulluɓe ta da ƙarfe har tsini, tun yarjejeniyar Heg ta 1899 aka hana ƙwaya mai buɗewa a yaƙi, don haka huda take yi ta wuce, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu inda ba ka gani, ka wahalar da ita kai ma ka tashi a tutar babu. Mafarautan can ƙwaya mai taushin baki suke sawa, kuma gaskiya wannan shi ne babban dalilin da ya sa suke cika nasu. Na san dabarar da ake yi nan, a goge tsinin da zarto har dalma ta leƙo, kar ka yi, gindin ƙwayar soja a buɗe yake, in ka buɗe gaba ma iska tana iya fitar da dalmar ta bar rigar ƙarfen maƙale a bututu. Bayan haka abin da ku ke samu a farautar sanyi ai zomo ne da zabon daji da fakara, wa ke harbin zabo da bindigar da aka sa ma ma'aunin saiti har mita 1200? Ƙwayarta tana fita da gudun sama da mita 800 a sakan kuma in ta kuskure tana iya wuce kilomita 3, a filin Damargu da ba dutse ba itace da zai tare ta, bayan tudun nan akwai rugar Fulani ko yaran Buzaye da raƙuma ko mata a bakin rijiya. Ƙwayoyin kartushi 'yan ɗaruruwan mita kaɗan sun faɗi ƙasa. Manyan namun dajin da suka rage kuwa, na wajen Tarmit, tun 2012 wurin ya zama gandun da aka killace, kuma farar barewar hamadar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da aka yi ƙidayarta a 2016 guda 3 kacal aka gani. Wannan ba naman miya bane.

Sai maganar da ta fi duka nauyi, na bar ta ƙarshe don kar ka ce tsoratar da kai na zo yi. A idon hukuma abin da ke akwatinku makamin yaƙi ne, tsufanta bai canza komai ba, gado ma bai canza komai ba, kuma ka san halin da ƙasa take ciki, Diffa na nan gabas da mu tun 2015 ana fama, iyakar Najeriya na kudu. Jandarman da ya tare ka a bariya da bindigar soja a bayan moto da harsashin da aka cika da hannu ba zai tsaya jin tarihin kaka ba, kuma maƙerin ma ka ja mishi. Farauta tana da dokarta, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, akwai permi akwai lokaci akwai dabbobin da aka hana, riƙe bindiga kuma takardarshi daban. Shawarata ku yi maganar a gida da manya, babanka ko baffanka ya je wajen mai gari ko hakimi, su su sanar da jandarma cewa ga abin da aka tarar a kayan mamaci, kar kai ka ɗauke ta ka kama hanya. Akwai hukumar tattara makaman da ba bisa ƙa'ida ba, CNCCAI, tun 1994 take, irin wannan aikinta ne. Ku ɗauki hoton bindigar, ku riƙe lambobin yabo da takardun sojan kaka, in kuna son a bar muku ita don tarihi ku tambaya a can ku ji abin da za su ce. Kai kuma in farauta kake so da gaske, je ofishin ma'aikatan gandun daji ka tambayi sharuɗɗan permi, ka nemi kalibar duz ta hanyar da doka ta sani da kartushinta na kamfani. Maganar tsoffin harsasan, karanta amsar Hajiya a ƙasa.

TAMBAYA: Malam barka da war haka, saƙon babana ne nake rubutawa don shi baya rubutun boko. Mahalbi ne tun yana saurayi, bindigar toka gare shi wadda ake ɗurawa ta baki. Yace yanzu albarushi mai kyau yayi wuyar samu, wasu yara sun ce mishi ya fasa kartushi ya zuba garin ciki wai ya fi ƙarfi kuma baya hayaƙi. Yace in tambaye ka.
Daga wajen Mirya.

AMSA: Ka gaida Baba da kyau, ka ce ina neman albarka. Baba, ai ku ne malamanmu a wannan fanni, Damagaram ba baƙuwar albarushi ba ce, tun zamanin Sarki Tanimun da ya yi ganuwar Birni ake haɗa albarushi ana zuba igwa a garin nan kafin annasara su ci garin a 1899. Amma maganar yaran nan, a bar ta inda aka ji ta. Gaskiya suka faɗa ya fi ƙarfi kuma ba ya hayaƙi, kuma wannan ƙarfin ne zai kashe mutum. Garin da ba ya hayaƙi wani Bafaranshe Paul Vieille ne ya fito da shi a 1884, kuma da ya fito sai da aka ƙera mishi sabuwar bindiga da sabon ƙarfe, Lebel ta 1886, saboda tsoffin ba za su iya ɗaukarshi ba. Bindigar toka an yi ta ne don baƙin albarushi kaɗai, wasu ma bututunsu bututun ruwa ne ko sandar sitiyarin mota aka toshe gindin, kuma mudun da Baba ya saba aunawa da shi, ko tafin hannu ne ko ɗan ƙaho, in aka cika shi da garin kartushi ya ninka abin da ƙarfen zai jure nesa ba kusa ba. Kar a ce a rage a sa kaɗan, kar a ce a gauraya rabi da rabi, ba wani ma'auni da ke da lafiya a nan. Inda take fashewa kuma gindi ne, daidai inda hannun hagu da fuska suke. In albarushi mai kyau bai samu ba gara bindiga ta huta a rataye.

Tunda an zo nan bari in ƙara ɗaya da ba a tambaye ni ba, na san ana narka dalmar tsohon batirin mota a yi ƙwayoyi, sau da yawa a tsakar gida a kan murhun da ake girki. Hayaƙin da ƙurar guba ne kuma yara suka fi cutuwa, ba sa nuna alama da wuri. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 da yara wajen 400 suka rasu dalma ce, duk da can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta fito. A raba wannan aikin da inda yara ke rarrafe da tukunyar abinci.

TAMBAYA: Malam ni matar aure ce a Zinder unguwar Zango. Maigidana ya gaji wasu harsasai a cikin gwangwani sun fi shekara arba'in, yana saman katanga a ɗakin da muke ajiye kayan abinci, rufin kwano ne. Na buɗe rannan naji wani wari mai hawa kai kuma akwai jar ƙura a ciki. Nace ya zubar yace ba komai tunda ba bindiga ba zasu tashi ba. Ko in jefa su a masai ko in ƙona su da shara?

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, hancinki ya fi maigida gaskiya a wannan karon, amma kar ki ce mishi ni na faɗa. Garin harsashi na zamani ba ya zama yadda yake har abada, a hankali yake ruɓewa yana fitar da iska mai tsami, ana sa mishi wani magani da ke shanye tsamin, shekaru suna tafiya maganin yana ƙarewa, kuma zafi ne ke gaggauta abin. Ki tuna yadda ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu da Mayu lokacin da waje ma ya haura digiri 40, shekara arba'in ana wannan gashin. Warin da kika ji da jar ƙurar da koren da ke fitowa a wuyan harsashi duk alamar ruɓewar ce ta yi nisa. Irin wannan in aka harba ko ya ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan mutum ya sauke bindiga yana leƙawa, ko ya tashi da ƙarfin da ya wuce ƙima kwanson da tsami ya ci ya tsage. Kuma garin da ya lalace yana iya kama wuta da kanshi ba wanda ya taɓa shi, Faransa ta yi asarar manyan jiragen ruwan yaƙi biyu a tashar Tulon ta haka, Iéna a 1907 da Liberté a 1911, ba abokin gaba ko ɗaya a kusa. Gwangwani ɗaya ba zai rushe gida ba, wannan kam maigida yana da ɗan gaskiya, harsashin da ba ya cikin bindiga ba ya tafiya nesa, amma yana iya tada gobara a ɗakin da ke da mai da buhunan hatsi, kuma ɓaraguzan kwanso suna cire ido.

Kar ki ƙona su, yaran unguwa ne ke zagaye wutar shara. Kar ki jefa a masai ko rijiya, wata rana wani zai yashe. Kar a bari yara su kai ma masu sayen tsohon ƙarfe don tagullar, kuma kar kowa ya ce zai fasa su da guduma ko filaya ya zubar da garin. Yau ɗin nan maigida ya sauke gwangwanin a hankali ba jijjigawa, ya kai shi inuwa can nesa da murhu da inda yara ke wasa, ki wanke hannunki da sabulu tunda kin taɓa ƙurar. Gobe da safe ya je wajen mai unguwa su tafi tare su sanar da jandarma ko 'yan sanda, hannu sake, gwangwanin yana gida, ya ce kayan gado ne aka tarar ana so a zo a ɗauka. In ya ƙi ji daga bakinki, ki sa yayanshi ko limamin unguwa ya yi mishi maganar.